Tsinken Iya da Lamba Biyar

Ƙas! Wannan 'yar ƙarar ce har yau take mayar da ni tsakar gidanmu na Daura, ƙarar tsinken tsintsiya idan Iya ta sa farce ta karya shi. Ba ƙara ce mai ƙarfi ba. Ko kazar da ke tsince a gindin turmi ba ta ɗago kai saboda ita. Amma mu yaran gidan mun san abin da take nufi: an gama awon ƙafar wani, takalmi na tafe.

Iya kakata ce, mahaifiyar Baba, kuma duk takalmin da aka taɓa saya wa yaro a gidanmu ta hannunta awonsa ya bi. Ba ta awo da safe. Takan ce ƙafar safe baƙuwa ce, ba ta gama farkawa ba, sai ta yini tana yawo ta kumbura sannan take faɗin gaskiyarta. Don haka sai bayan la'asar, inuwar katanga ta miƙe har bakin rijiya, za ta shimfiɗa tabarma ta jawo sabuwar tsintsiya ta zaro tsinkaye masu ƙwari. A tsaye ake awo, ba a zaune ba, kuma sai ka saki nauyinka duka a kan ƙafar. Ta ɗora tsinken daga dunduniya zuwa babban yatsa, ta auna dama, ta auna hagu, ta ɗauki wadda ta fi tsawo, domin a cewarta ko 'yan biyu wani ya riga wani fitowa. Sannan ta ɗora babban yatsan hannunta a gaban yatsun ƙafar, ta ce wannan rabon gobe ne, ta karya tsinken a nan. Kowane tsinke da zaren da take ɗaura masa don kada a rikita. Nawa ja ne. Ranar kasuwar Mai'adua Baba ya naɗe su a ƙyalle ya sa a aljihun gaba, in ya je rumfar masu takalma ya riƙa zura tsinke a ciki. Wanda tsinke ya kwanta a cikinsa lafiya lau, bai lanƙwashe ba kuma bai yi iyo ba, shi ne takalmin mai tsinken.

Yanzu idan na faɗa wa ɗalibaina wannan, dariya suke yi. Su takalmi a waya suke ganinsa, su aika lamba, bayan kwana biyu mai babur ya kawo shi a leda. In bai yi ba a mayar, ko a ba ƙanwa. Ba wanda ke durƙusawa a gaban ƙafar wani kuma. Ni abin da na fi kewa ke nan, ba takalman ba: tsohuwa ta sunkuya, hannunta mai ƙamshin daddawa da man kaɗanya ya riƙe idon sawunka, tana yi maka tsiya tana auna ka, kai kuma kana jin lallai akwai wanda ya san girmanka a duniya.

Shekarar da zan ba da labarinta ita ce shekarar da na gama firamare. Lokaci ne da garin ke sauya kama. An fara shari'a ba da daɗewa ba, makarantun Islamiyya sun yawaita, 'yan mata mun ajiye ƙananan gyale mun koma dogon hijabi har ƙasa, kuma malamarmu ta Islamiyya ta ce mu riƙa sa safa. Ni na so safar nan ƙwarai. Ina jin kamar na zama babbar mace. Iya ce kawai ba ta gamsu ba, takan ce, "Ikon Allah, ƙafa ma ta shiga lulluɓi. To lallen da muke ɓata dare muna ƙunsawa, wa zai gani?"

Ana tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, takarda ta zo cewa na sami gurbi a makarantar kwana ta 'yan mata. A gidanmu ba macen da ta taɓa wuce firamare. Na karanta takardar nan har ta fara yagewa a wurin ninki. A ƙasanta an rubuta cewa wadda ba ta zo cikin mako biyun farko ba, za a ba wata gurbinta. A bayanta kuma jerin kayan da za a zo da su: akwatin ƙarfe, bokiti, gidan sauro, da baƙin takalmi sau-ciki. Ban taɓa mallakar sau-ciki ba. Daga silifa sai sandal na makaranta, wanda yatsu ke shan iska.

Ranar Asabar bayan la'asar Iya ta shimfiɗa tabarmarta ta jawo tsintsiya.

"Malama, zo a auna kofaton."

Haka take kirana tun da na iya karatu. Baba na zaune a bakin ƙofar ɗakinsa yana gyara rediyo. Ban san abin da ya shiga kaina ba, ko da yake na sani: takardar nan ce ta kumbura ni. Na ɗauko tsohon sandal ɗina na juya shi, na nuna musu lambar da ke ƙasansa.

"Iya, ai yanzu an daina wannan. Kowane takalmi da lambarsa. Ni biyar nake sawa, ga shi nan a rubuce. Tsinke aikin mutanen da ne."

"Mutanen da," in ji Iya, tana jinjina kalmar kamar tana ɗanɗana miya. "To, mu mutanen da mun ji. Ita ƙafar taki ta yi bokon ita ma, ko ke kaɗai kika yi?"

Baba ya yi dariya, ya ce, "Iya, ƙyale ta. Mai shirin shiga sakandare ce, ta fi mu sanin lamba."

Na yago takarda daga littafina na rubuta biyar babba, na ja layi biyu a ƙarƙashinta, na miƙa masa. Iya kuwa ta juya ga tsintsiyarta. Ta mayar da tsinken da ta zaro cikin tsintsiya, ta naɗe tabarmarta. A ranar ba a ji ƙas a gidanmu ba.

Washegari da yamma Baba ya dawo daga Mai'adua da takalmin a cikin jakarsa. Daga kayan gwanjon da ke shigowa ta iyakar Nijar a Kongolam ya zaɓo shi, amma kamar ba a taɓa sa shi ba. Baƙi ne mai sheƙi, da ɗan maɗauri da ƙaramin ƙarfe a gefe, cikinsa yana ƙamshin fata da wani turare na ƙasar da ban sani ba. Ya juya shi ya nuna mini. "Ga biyar ɗinki, Malama. Rumfa huɗu na zaga kafin na same ta." Fuskarsa cike da farin ciki, irin na mutumin da aka aika kuma ya cika aike.

Na kai shi ɗaki na gwada. Dama ta shiga da ƙyar. Hagu sai da na naɗe yatsuna kamar mai damƙar tsakuwa sannan dunduniya ta faɗa. Da na miƙe sai na ji kamar an sa ƙafata a bakin kada. Na duba ƙasan takalmin. Biyar. Na duba tsohon sandal. Biyar. To laifin wa? Lamba ba ta ƙarya, haka aka koya mana a aji. Umma ta leƙo ta ce, "Ya yi?" Na ce ya yi. Ta ce, "In ma ya ɗan matse, haka sabon takalmi yake, sai ya ciji mai shi kafin su saba." Na riƙe wannan magana hannu biyu.

Na fara sa shi zuwa Islamiyya kullum don mu saba. Tafiyar da nisa, sai an ratsa lunguna an wuce bakin kasuwa. Ƙawayena suka yi ta yaba shi, ni kuwa ina murmushi ina ƙirga taku. Kwana uku dunduniyata ta yi bororo, ya fashe. Kwana bakwai farcen babban yatsan hagu ya nutse cikin nama, wurin ya kumbura ya yi ja, daga baya ya fara ruwa. Safa ta rufa mini asiri. Alwala nake yi a bayan ɗaki inda ba mai gani, in kwana da safa in ce sauro ne. Kowace safiya in ce yau zan faɗa, sai in hango Iya a tabarmarta, in tuna "mutanen da", in haɗiye maganar. Kunya irin tamu ta wancan lokaci ba ƙaramin abu ba ce. Yarinya za ta iya riƙe garwashi a tafin hannu da dai ta ce wa babba ta yi kuskure bayan ta yi masa iya yi a gaban mutane.

Abin da safa ba ta iya ɓoyewa ba shi ne tafiya. Na fara ɗingishi, ko da silifa ne a ƙafata. Umma ce ta fara lura.

"Ke, me ya sami ƙafarki?"

"Gwiwa ce, Umma."

Ba ƙarya ce zalla ba, domin karkacewar da nake yi ta sa gwiwar ma ta fara ciwo. Amma da wannan kalma ɗaya na tura gidan gaba ɗaya hanyar da ba ita ba. A shekarun nan ba abin da iyaye ke tsoro kamar a ce ƙafar yaro ta fara ja. A lungunmu akwai gidan da ɗansu ya kwanta da zazzaɓi ya tashi ƙafa ɗaya ta shanye, kuma ko'ina maganar shan inna ake yi, a zaure da gidan suna da bakin rijiya. Ni kuma ga ɗan zazzaɓi ya fara kama ni da yamma, saboda miki, ban sani ba. Umma ta shafa mini man zafi a gwiwa. Aka karɓo rubutu na sha. Aka yi mini hayaƙi har idona ya yi ja. Duk wanda ya shigo gidan sai ya taɓa gwiwar nan ya girgiza kai, gwiwa kuwa lafiyarta ƙalau.

Saura kwana tara a koma makaranta, da hantsi, ina tankaɗe a bayan rumfa, na ji Baba yana magana da Umma. Muryarsa a ƙasa take, amma na ji komai.

"Na yanke shawara. Bana ba za ta tafi ba. Ba zan kai yarinya mai ciwon ƙafa inda ba uwa ba uba ba. In abin ya tashi mata a can, wa zai ɗauke ta?"

"Malam, gurbin fa? An ce za a ba wata."

"A ba wata. Ƙafa ta fi gurbi."

Rariya ta tsaya a hannuna. Na dubi akwatin ƙarfen da aka riga aka rubuta sunana a jikinsa da farin fenti, yana jingine a ƙofar ɗaki. Kalma ɗaya za ta warware komai, kuma wallahi na buɗe baki, amma yanzu laifin ya zama biyu: na raina tsinke, na kuma bar iyayena kwana da kwanaki cikin fargaba a kan gwiwar da ba abin da ya same ta. Na ci gaba da tankaɗe, hawaye na ɗiga cikin garin.

Iya ba ta sa baki a zancen gwiwa ba tun farko. Kallo kawai take yi. Ashe ba gwiwar take kallo ba, sawuna take kallo a ƙasar tsakar gida bayan an yi ruwa. Daga baya ta ce mini mai ciwon gwiwa yana jan ƙafa ne, ni kuwa sawuna na hagu dunduniya ce da gefen ƙafa kawai, ba yatsa ko ɗaya, kamar sawun mai gudun ƙaya.

A ranar bayan la'asar ta kwaɓa lalle a ƙwarya, ƙamshinsa ya cika gidan. Ta shimfiɗa tabarma.

"Malama, zo in ƙunsa miki. Ko an fasa tafiya ai ba a fasa ado ba."

"Iya, ba na so."

"Ban tambaye ki ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zauna."

Na zauna. Ta kama ƙafar hagu ta ɗora a cinyarta. Safar ta manne da mikin, sai da ta jiƙa ta da ruwan ɗumi ta riƙa ja a hankali. Da yatsan ya fito, Umma da ke tsaye da ludayi a hannu ta yi salati. Ni na rufe fuska da hijabi ina jiran faɗa.

Iya ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "Ɗauko mini ɗan boko." Umma ta kawo takalmin. Iya ta jawo tsintsiya ta zaro tsinke, ta ce in miƙe in saki nauyina, ko da ciwo. Ta auna dama, ta auna hagu, ta ɗora babban yatsanta. Ƙas. Sannan ta zura tsinken cikin takalmin. Ya shiga, ya tokare, ya lanƙwashe kamar baka, saura wajen faɗin yatsa biyu bai kwanta ba. Ta ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, daidai lokacin da Baba ya shigo daga masallaci.

"Kai, zo ka ga shan innar 'yarka. Ga ta nan, baƙa, mai maɗauri."

Baba ya dubi takalmin, ya dubi yatsan, ya dubi tsinken. Sai ya zauna a kan turmi. Ya yi ta maimaita alhamdulillahi a hankali. Can ya fara dariya, irin dariyar da ke zuwa da ruwan ido, Umma ta kama, har ta ajiye ludayin ta riƙe ciki. Ban taɓa jin sauƙi irin na wannan yammacin ba. Kamar wadda ta yini da tulu a ka aka zo aka sauke mata. Na ce, "Iya, ki yafe mini." Ta ce, "Ni me kika yi mini? Ƙafarki za ki roƙa gafara, ita kika ɗaure ba laifin tsaye ba na zaune."

Aka jiƙa bagaruwa aka gasa mini yatsan, washegari Umma ta kai ni asibiti aka yanke gefen farcen aka ba ni magani. Zazzaɓin ya tafi cikin kwana biyu. Lallen dai ƙafa ɗaya aka ƙunsa.

Ranar kasuwa Baba ya ce da ni za a je, ƙafa da ƙafarta. Muka shiga motar haya, gonakin gero na wucewa ta taga, wasu har sun fara gasa tumu a bakin hanya. Tsinken Iya na aljihunsa da jan zarensa. Mai takalman dattijo ne mai furfura a gemu, yana zaune a tsakiyar tulin takalma kamar mai kiwon su. Baba ya ba shi labari, ya karɓi takalmin ya leƙa cikinsa, ya yi murmushi.

"Alhaji, ai da ka ce mini na 'yar makaranta ne mai sandal. Wannan biyar ɗin Amurka ce, ta mata. Biyar ɗin da ke ƙasan sandal ɗinta lissafin Ingila ne, irin wanda muka gada. Wannan da kake gani, a lissafin Ingila uku ce."

Na ce wa dattijon, "Baba, amma duk biyar aka rubuta."

"'Yata, mudun Mai'adua da mudun Zango duk mudu ake ce musu, amma je ki auna gero ki gani. Kowace ƙasa da mudunta. Ga na Faransa ma, wanda mutanen Nijar ke bi." Ya ɗago wani takalmi ya nuna mini. "A nasu ke talatin da takwas ce. Kin ga ƙafa ɗaya, suna uku. Kuma ko a ƙasa ɗaya, wani kamfanin yana yanka da faɗi, wani da tsukuku. Mu da muke cikin abin, in an kawo mana lamba sai mun yi tambaya. In an kawo tsinke kuwa ba ma tambaya."

Baba ya zaro tsinken. Dattijon ya karɓe shi da hannu biyu, ya ce, "Wannan awon tsohuwa ne, har da rabon girma." Ya zura shi a takalma uku, a na ukun ya kwanta shiru kamar a gadonsa. Duk da haka bai bar ni na tafi ba sai da na sa duka biyun da safata, na miƙe, na taka zuwa rumfar mai tabarmi na dawo. Ya danna gaban takalmin da babban yatsa, ya ce in motsa yatsuna. Suka motsa. Bai kai na farko kyau ba, hancinsa fato-fato, amma da na taka sai na ji ƙasa ta dawo ƙarƙashina.

Na shiga makaranta ranar da aka buɗe, ƙafa ɗaya da lalle ɗaya babu, kuma takalmin nan ya kai ni har aji uku. Tsinken Iya ya zauna a ƙasan akwatina. Duk hutu in na dawo, kafin in ajiye jaka take cewa, "Malama, yau lamba nawa muke?" Ni kuma in miƙa mata ƙafa.

Ta rasu ina shekarar farko a kwalejin horon malamai. Bayan wasu shekaru, ina shirya darasin awo da zan koya wa 'yan aji ɗaya, na buɗe wani littafi a ɗakin karatu ina neman misali. A nan na ci karo da asalin lambar takalmin Ingila, wadda na tsaya a tsakar gida na yi wa Iya taƙama da ita. Ashe tazarar da ke tsakanin lamba da lamba, tsakanin huɗu da biyar, tsakanin biyar da shida, tsawon ƙwayar sha'ir ɗaya ce. Mutanensu na da, da hatsi suka auna ƙafa.